Kwalbar Sifirit da Kaskon Turare



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau ƙaramin abu ne a ido: 'yar kwalbar sifirit ɗin nan da ake saya a kemis. Kwanakin baya na shiga ganin ɗakin 'yar ƙanena da aka kawo nan unguwarmu, Ƙofar Wambai a garin Bauchi, ba ta fi wata biyu da tarewa ba. Na tarar da ita tsaye gaban madubi, auduga a hannu, tana gogewa yana ta ɗaukar ido. Tana ganina ta ce, "Gwaggo, zo ki ga abin da ƙawata ta koya mini. Kwalba ɗaya, na goge madubi, na goge gilashin kabad, na goge wayata, ga shi ko rabi ban ci ba." Na buɗe baki zan yaba mata, sai idona ya sauka ƙasa. Kaskon turaren wuta na gefen ƙafarta, garwashi ja-wur, kwalbar kuma a buɗe a kan darduma, tsakaninsu bai kai kamu ɗaya ba. Gabana ya faɗi. Ban ce uffan ba sai da na ɗauke kaskon na kai tsakar gida, na dawo na rufe kwalbar, na ɗaga labule. Sa'an nan na ce, "Zauna, 'yata, mu yi magana." Abin da na faɗa mata ranar shi nake so in faɗa muku.

Da farko ku sani ban zo in hana ku ba. Yarinyar nan ta yi tunani mai kyau. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san yadda kuɗin cefane ya ƙanƙance a hannu. Macen da ta gano cewa kwalba guda mai araha za ta yi mata aikin magungunan goge-goge biyu ko uku masu tsada, ta cancanci a ce mata sannu da tattali. Haka saurayin da ke goge wayarsa, da mai shagon da ke goge gilashin kayansa. Damuwata ɗaya ce: mun karɓi abin hannu bibbiyu, ba mu tambayi halinsa ba. Hausawa kuwa suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

To mene ne a cikin kwalbar? Abin da muke kira sifirit ba iri ɗaya ba ne, ko da yake kama da warinsu sun yi kusa. Akwai wanda masana ke kira isofurofil, wanda aka fara sarrafawa da yawa a Amurka a 1920 daga iskar da ke fita wajen tace man fetur. Shi ne aka fi sani da goge fata kafin allura. Akwai kuma itanol, wanda ake samu daga rake ko rogo ko hatsi. Don kada a sha shi, masana'antu kan gauraya shi da wani ɗan'uwansa mai dafi, metanol, wani lokaci har a sa masa launin shunayya. Dukkansu Turawa na kiransu da sunan alkohol, kalmar da ta samo asali daga Larabci, al-kuhl, wato kwallin nan da iyayenmu mata ke sawa a ido. Na kawo muku wannan ne don ku riƙe abu ɗaya: suna ɗaya ne a bakinmu, amma abin da ke ciki ya bambanta, kuma takardar jikin kwalba ce kaɗai za ta gaya muku wanne kuka riƙe.

Mu da muka manyanta, a asibiti da shagon aski muka san shi. Ya fara shiga aljihun mutane ne lokacin da cutar Ebola ta shigo Legas a watan Yulin 2014, ya kuma zama ɗan gida a 2020 da korona ta zo. Kuna tune da yadda aka riƙa tsiyaya wa mutane man goge hannu a ƙofar banki da makaranta da masallaci. Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a kan wannan man bai wuce itanol kashi 80 cikin ɗari ko isofurofil kashi 75 ba, da 'yan abubuwa kaɗan masu hana fata bushewa. Annoba ta tafi, kwalba ta zauna. Daga hannu ta koma madubi, daga madubi ta koma kicin, har wasu suka fara ɗaukarta tamkar maganin kowace ƙazanta.

Bari in ba shi haƙƙinsa. A kan ƙananan abubuwa masu santsi da tauri, sifirit gwani ne. Yana narkar da maiƙo, ya bushe nan take, ba ya barin zane. Madubi, gilashin taga bayan ƙurar hunturu ta lafa, hannun ƙofa, makunnin lantarki, madannin talabijin, almakashi, abin yanke farce, ma'aunin zafin jiki: duk waɗannan ya dace da su. Idan biro ya zubo a aljihun rigar makaranta, a sa tsumma a ƙarƙashin wurin, a riƙa danna auduga mai sifirit a sama, tawadar za ta bi tsumman, sa'an nan a wanke da sabulu. Idan kun ɓare takardar farashi daga sabon kofi ko kula ta bar danƙo, shi ke cire shi. Waya ma ana gogewa, amma a kashe ta, a cire ta daga caji, a jiƙa tsumma mai laushi kaɗan, kada a tsiyaya a jikinta. Masu gyaran waya na amfani da mai ƙarfin sosai wajen wanke cikinta saboda ba ya barin danshi, amma wannan aikin masu sana'a ne.

Ga wani ilimi da yawancinmu ba mu da shi. Mutum zai ɗauka wanda ya fi ƙarfi shi ya fi kashe ƙwayoyin cuta. Ba haka ba ne. Mai kashi 70 cikin ɗari ya fi mai kashi 99 yin wannan aiki, domin ruwan da ke cikinsa shi ke taimaka masa ya ratsa jikin ƙwayar cuta, kuma shi ke hana shi saurin bin iska. Idan mai kashi 99 kuka samu, ma'auni 7 nasa da ma'auni 3 na tafasasshen ruwa da ya huce za su ba ku abin da ake so. Idan kuwa an rubuta 70, kada ku ƙara masa ko ɗigo. Na san dabarar gida ta ƙara ruwa don abu ya yi auki, amma a nan asara ce, don da zarar ya yi ƙasa da kashi 50 ƙarfinsa ya karye, sai wari kawai. Haka nan ba shafa da gudu ake yi ba. Wurin ya zauna a jiƙe kamar rabin minti ko fiye. A zafin bazarar Bauchi, inda abu ke bushewa kafin ka ɗauke hannu, sai an maimaita.

Yanzu ku ba ni kunnenku sosai, don nan ne zuciyar maganar. Sifirit ba ya wanke dauɗa. Idan wuri na da ƙasa, ko miya, ko jini, ko kashin yaro, ƙwayoyin cuta na fakewa a ƙarƙashin wannan dauɗar, sifirit ya wuce ta sama ya bushe, ku kuma ku tafi da zaton kun tsabtace. Ruwa da sabulu su ne gaba, kullum. Na san halin da muke ciki. Ba kowace rana ruwan madatsar Gubi ke isowa famfo ba, jarkar ɗan garuwa kuma da kuɗi ake saukewa. Wannan ne ke jan mutum ya ce bari in shafa sifirit in huta. Amma buta ɗaya da guntun sabulu sun fi kwalba guda amfani ga hannun da ya fito daga makewayi ko ya gama yanka nama.

Mu a Bauchi mun san abin da ƙazanta ke jawowa, ba labari aka ba mu ba. A 2021 jiharmu na cikin waɗanda kwalara ta fi yi wa ɓarna a Najeriya. Idan Allah ya jarrabi gida da amai da gudawa, ba auduga da sifirit ake nema ba. Ana neman ruwan gishiri da sukari ga mara lafiya, da gaggawar kai shi asibiti, da bilic irin su Hypo ko Jik da aka tsarma da ruwa don wanke ƙasa da fo da bokiti da masai. Haka zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa ta jihar Borno a 1969, kuma kusan kowane rani sai an ji shi a jiharmu. Fitsari da kashin ɓera ne ke kawo shi cikin abinci. Rigakafinsa rufe hatsi da garin tuwo a mazubi mai murfi, toshe ramuka, kwashe shara, da daina shanya abinci a ƙasa. Wanda ya goge madubi ya bar buhun masara a buɗe, ya gyara abin da ido ke gani ne, ya bar ƙofa ga abin da ke kisa.

Ku samari, ga taku. Kuna zama a shagon aski, mai aski ya fesa sifirit a kilifa, wani ma ya ƙyasta mata wuta, ku ji hankalinku ya kwanta. Hakan ya fi babu, amma fesawa ta daƙiƙa biyu a kan haƙoran da gashi da maiƙo suka cika ba ta isa ba. Ciwon hanta mai bin jini ta irin wannan hanya yake ratsawa, kuma ƙwayarsa kan yi kwanaki da rai a jikin ƙarfe. Wanda Allah ya hore masa, ya sayi kilifarsa. Reza kuwa sabuwa, a ɓare ta a gabanka, ko a shago ne ko a gaban wanzami. Ku sani kuma akwai ƙwayoyin da ke shiga wani ƙoƙo mai tauri su kwanta, irin mai kawo cutar sarƙewar haƙora, waɗanda sifirit ba ya iya musu komai. Shi ya sa ba da shi asibiti ke tsarkake kayan tiyata ba.

Ku 'yan mata da sababbin iyaye, ga taku. A da da sifirit ake goge cibiyar jariri. Yanzu ma'aikatan lafiya sun koma ga wani man shafawa mai suna kulohekzidin, kuma jihohin Sakkwato da Bauchi na cikin na farko da suka yaɗa shi a ƙasar nan. Ku karɓa a wurin awo, ku tambayi yadda ake shafawa, kuma a cibiya kaɗai, kada ya kusanci ido. Idan yaro ya yi zazzaɓi, kada ku kuskura ku shafe masa jiki da sifirit don ya huce. Fatar yaro siririya ce, tana tsotsewa, huhunsa na shaƙar tururin, har ya iya suma. Tsumma da ruwa mai ɗumi-ɗumi ya isa kafin a kai shi ga likita. Idan kuma ya faɗi ya ƙuje, kada a tsiyaya masa cikin raunin. Raɗaɗin da ke sa shi ihu ba alamar magani na aiki ba ce, naman da zai haɗe ne ke ƙonewa. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe.

Akwai kuma kayan da yake lalatawa, musamman kayan ɗakin da iyaye suka sha wahala kafin su haɗa. Yana cinye ƙyallin fentin gado da kabad na katako, ya bar farin tabo. Yana busar da kujerar fata da jaka da takalmi har su tsage. Wasu robobi masu kama da gilashi yana sa su dushe ko su yi tsaga. Ƙa'ida mai sauƙi: a gwada a ɓoyayyen lungu tukuna, a jira, a gani.

Mu koma ga kaskon nan. Sifirit ɗan'uwan fetur ne a wajen son wuta. Tsantsar isofurofil na fitar da tururin da zai kama ko da sanyin gari ya sauko digiri 12, to ina ga ɗakin kwano a watan Afrilu? Tururin ya fi iska nauyi, saboda haka ƙasa yake bi, a inda muke ajiye kasko da risho da maganin sauro mai hayaƙi da kyandir idan an ɗauke wuta. Ba sai ruwan ya taɓa garwashi ba, tururin kaɗai ya isa ya jawo wutar zuwa bakin kwalba. Abin da ya fi ban tsoro, harshen wutarsa shuɗi ne mai haske-haske, da rana da ƙyar ido ke ganinsa. Sai mayafi ya kama kafin a ankara. Don haka kada ku goge kan gas ko risho sai ya huce sarai. Kada ku zuba shi a gawayi don ya yi saurin kamawa. Ku buɗe taga, ku tsiyayi kaɗan, ku rufe kwalba kafin ku fara aiki. Idan tsautsayi ya faru, a danne wutar da bargo mai kauri ko yashi, a sa wurin ƙunar a ruwa mai sanyi na kimanin minti 20. Ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba manja. Daga nan sai asibiti.

Kada kuma ku haɗa shi da bilic. Na san yadda zuciya ke raya wa mai son tsabta cewa ƙarfi biyu ya fi ɗaya. Idan waɗannan biyun suka haɗu, suna haifar da iska mai guba, har da sinadarin da a zamanin da ake sumar da mutane da shi kafin tiyata. A ƙaramin makewayi marar taga, wannan na iya kayar da babban mutum. Kowanne a yi aiki da shi shi kaɗai.

Sai batun dafi. Sifirit galibi fari ne kamar ruwa. Babban kuskuren da nake gani shi ne a sayo na awo a kasuwa, a juye a gorar ruwa ko ta lemo, a ajiye ƙarƙashin gado. Yaro mai rarrafe bai san karatu ba, gora ya sani. Idan metanol ne zalla, abin da bai wuce cokali ɗaya ba na iya makantar da babba, ƙari kaɗan ya kashe shi. A watan Afrilun 2015, a garin Ode-Irele na jihar Ondo, mutane sun makance wasu sun mutu cikin 'yan kwanaki, bincike ya nuna metanol ne a cikin abin da suka sha. Watanni kaɗan bayan haka gomman mutane suka rasu ta wannan hanya a jihar Ribas. A ƙasar Iran, a farkon 2020, fiye da mutum 700 ne suka mutu saboda jita-jitar cewa shan irin wannan abu na maganin korona. Mu ma nan mun ga aikin jita-jita a 2014, daren da aka tashi mutane a yi wanka da ruwan gishiri a sha don tsoron Ebola, wasu suka ƙare a gadon asibiti. Sharrin metanol shi ne yakan yi shiru na sa'o'i 12 zuwa 24, a ɗauka an tsira, sai gani ya fara dushewa. Saboda haka idan wani ya sha, kada a jira alama, kada a tura masa yatsa ya yi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. A ɗauke shi tare da kwalbar zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko asibiti mafi kusa. Duk abokin da ya ce maka ka shaƙa ko ka kurɓa don ka ji daɗi, ba abokinka ba ne, ɗana. Idonka yake neman raba ka da shi.

Idan za ku saya, ku sayi rufaffiya mai takarda, mai lambar hukumar NAFDAC, mai nuna irinsa da ƙarfinsa da ranar ƙarewarsa. Na awo marar suna ya fi araha, amma ba ku san an sirka shi da ruwa ko da dafi ba, araha kuwa ba ta ado. A gida a bar shi a kwalbarsa, a sama, a inuwa, nesa da murhu da hannun yara.

Na san wasunku za su tambaya ko najasa ne, ko za a iya salla da tufar da ya taɓa. Tambaya ce mai kyau, kuma ina jin daɗin mai yin ta. Malamai sun yi magana a kai, sun kuma saɓa, musamman wajen bambanta abin da aka yi don maye da abin da aka yi don magani da tsabta. Ni ba malama ba ce, ba zan yanke muku hukunci ba. Ku je wurin malamin da kuka amince da iliminsa, ku tafi da kwalbar, ku gaya masa irinsa da abin da kuke yi da shi. Matambayi ba ya ɓata.

Kullum idan zan fita ina bi ta ƙofar da unguwarmu ta ci sunanta. Lokacin da Malam Yakubu ya kafa garin nan a 1809, ganuwa aka kewaye shi da ita, sa'an nan aka buɗe ƙofofi, irin su Wunti da Ran da Nasarawa da tamu, kowace da mai tsaronta. Mai gadin ƙofa na da amfani ƙwarai, amma fa don ganuwa na tsaye ne. In ta rushe, komai ƙwazonsa banza ne. Ganuwar gidanku ita ce shara safe da yamma, wanke hannu da sabulu, rufe abinci, tsabtar makewayi da ruwan sha. Sifirit mai gadi ne a 'yar ƙaramar ƙofa. Ku ba shi wannan aikin, zai yi muku shi da kyau a kan kuɗi kaɗan. Kada ku ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, kada kuma ku manta cewa da wuta da dafi a cikin jikinsa.

Na koma ɗakin 'yar tawa bayan sati biyu. Madubi na nan na walƙiya kamar da. Kwalbar na can saman kabad a rufe, taga a buɗe, ga buta da sabulu a bakin ƙofar kicin. Sai da ta gama goge-gogenta, wari ya fita, sa'an nan ta ɗebo garwashi ta zuba turare. Ta dube ni ta ce, "Gwaggo, na gaya wa ƙawar tawa ma." Wannan kalma ta fi ƙamshin turaren faranta mini rai. Ku ma ku gaya wa wani. Tsabta cikon addini ce, amma sai da sani take cika.

Allah ya tsare ku da gidajenku daga gobara da cuta, ya sa albarka a ɗan abin da ke hannunku. Amin.